Gicciye a Bakin Gadon Tsakuwa

Ranar da Gildardo ya cika shekara guda da rasuwa, uwarsa Herminia ta ta da mijinta tun bai gama shan kofinsa ba. Ta ce ya ari akori-kurar maƙwabci ya sauka gari, ya ɗauko ƙanwarsa a tashar mota, ya haɗo da kaji huɗu da kyandir na addu'ar yamma. Ta san tsohuwar hanya zai bi, wadda ba a biyan ko peso ɗaya, mai murɗe-murɗe kamar hanjin akuya, zuwa da dawowa ba zai gaza awa huɗu ba. Awa huɗun nan kuwa su take nema.

Mijin nata, Apolinar, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya hularsa a hannu.

"Tsohuwa, me kike shiryawa ne? Tun jiya ban gane miki ba."

"Tamale nake shiryawa, alalar masarar da baƙi za su ci. Ko ba ka ga ganyen masara ba? Tafi, kafin ƙanwarka ta gama ba mutanen tasha labarin irin matar da ka kwaso."

Ƙarar motar na ɓacewa ta durƙusa ta jawo abin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado wata uku. Gicciye ne na ƙarfe, farin fenti, tsawonsa ya kai ƙirjinta, da sunan ɗanta a jiki. Da kuɗin ƙwan kajinta maƙeri ya ƙera mata shi, kuma ta sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

Abin da take so ba wani abu mai wuya ba ne. Kowa a ƙauyensu na San Bartolo ya san wanda ya mutu a kan hanya, babu fadan coci, babu kyandir, babu wanda ya riƙe masa hannu, ransa a wurin yake tsayawa yana waige-waige har sai an kafa masa gicciye a inda ya fita. Daidai wurin, ba kusa da shi ba. Ɗan mai gyaran takalmi da babur ya kayar yana da nasa. Mashayin nan da ya faɗa rami a bayan makaranta, wanda ko uwarsa ta gaji da shi, yana da nasa har da rufin kwano. Gildardo kaɗai, yaron da bai taɓa ɗaga mata murya ba, shi ne aka bari a tsaye cikin sanyi shekara guda cur. Wanda ya hana kuma ubansa ne.

Herminia ta tsani babbar hanyar da ta bi ta saman ƙauyensu tun kafin ta ci mata ɗa. Tana 'yar shekara tara aka zo da nakiya aka fara fasa duwatsu. Rabin gonar masarar babanta ya tafi, idon ruwan da suke ɗiba ya ƙafe, aka huda dutse biyu, aka ɗora wa ƙauyen gada a ka. Manyan mutane suka zo daga birni da takalma masu ƙyalli, suka yanke ƙyalle, suka ce ci gaba ya iso. Ya iso kam, ya wuce ta saman kansu a guje, daga tudu zuwa tashar jirgin ruwa ta Veracruz. Ba a yi musu mashiga ba. Waya aka ja musu, kamar awaki. Mai son hawa hanyar da aka shimfiɗa a gonar kakansa sai ya yi tafiyar kilomita goma sha takwas zuwa shingen karɓar kuɗi, ya biya, a ɗaga masa sanda. Abin da San Bartolo ta samu shi ne kukan birki dare da rana, da warin ƙonannen roba, da aiki guda ɗaya tak, wanda Apolinar ya samu.

Daga bakin rami na biyu da aka huda a dutse hanyar gangara take yi kilomita goma sha biyu ba hutawa, birkin manyan motoci kuma zafi yake ɗauka har ya ƙwace. Shi ya sa aka ja jan layi a tsakiyar titi. Direban da birkinsa ya mutu sai ya bi jan layin nan, ya kai shi wata hanya da ta rabe gefe ta haura dutse, cike da tsakuwa mai zurfin cinya. Tirela ta shiga ta nutse ta tsaya. Gadon tsakuwa ake ce masa. Shekara ashirin da biyu Apolinar yana bin sa da manjagara yana sassauta tsakuwar don kada ta daskare. Tirela arba'in da ɗaya ta riƙe a hannunsa, yana ƙirga su yana alfahari. Baƙi ne duk, 'ya'yan wasu. Ranar da ɗansa na cikinsa ya gangaro da lodin tayil ba birki, gadon bai riƙe shi ba. Motar ta kife a bakin shiga, lodin ya danne kan motar.

Tun daga sadakar kwana tara take maganar gicciye, amsarsa guda ce.

"Doka ta hana, Herminia. Ba a ajiye komai a bakin gado."

"Doka ce ta haifa maka shi?"

"Zan kafa masa a kan tudu, bayan waya. Taku ashirin ne kawai."

"A kan tudu ya mutu? In aka ce ka jira ni a bakin coci, sai ka je bakin kasuwa ka tsaya?"

Sai ya sunkuyar da kai ya fita. Wannan sunkuyar da kan shi ya fi ƙona mata rai. Namijin da zai yi faɗa da kai ka san inda ka kama, amma wannan sai dai ya ɗauki manjagararsa ya haura wurin iyayen gidansa, ya bar ta da tafasar zuciya.

Nicanor magini yana jiran ta a bayan coci da jakinsa, an labta masa buhun siminti, bulo goma sha biyu, rodi da jarkar ruwa biyu. Shi ya riƙe Gildardo ranar baftisma, don haka aikin nasa ne ko yana so ko ba ya so. Saboda wannan zumuncin ne yake ce mata komadre, mijinta kuma kompadre. Doña Eufrasia mai jan addu'a tana zaune a kan dakali da carbinta, tana haki tun ba a fara hawa ba.

"Komadre," in ji Nicanor yana sosa ƙeya, "kompadre ya san da wannan kuwa?"

"Ya sani."

"Ya sani ya yarda, ko ya sani dai a bakin unguwa?"

"Kai Nicanor, da ka riƙe yaron nan a gaban fada aka zuba masa ruwa, cewa ka yi za ka tsaya masa in ubansa ya yarda? Ja jakinka mu tafi. In tsoro kake ji ba ni cokalin ginin, na ga yadda ake yi."

Suka kama hanyar awaki, wadda ta bi ta ƙarƙashin gada ta haura. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan dutsen, komai ya jiƙe. A inda wayar ta yi ciki Nicanor ya ɗaga, suka sunkuya suka shiga, aka bar jakin a waje ana miƙo kaya.

Sau ɗaya Herminia ta taɓa zuwa nan, kwana uku bayan abin, direban janwe ya nuna mata wurin da ƙafarsa. Ba ta manta ba. Nan ne inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara, daga hannun hagu, kusa da bangon dutse. Tsakuwar a share take tas, layin manjagara a jere kamar an taje kai. Ganin wannan tsafta ya sa ta ji kamar ta yi ihu. Mutumin nan kullum yana taka inda ɗansa ya cika, yana share shi, ya dawo gida ya ci wake ya yi barci.

"A nan," ta ce.

Nicanor ya dubi titi, ya dubi jan layin da ya miƙo ya ƙare kusan a ƙafafunsu.

"Komadre, in muka ɗan matsa da shi jikin dutsen..."

"A nan na ce."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya kama aiki. Shi kuwa Nicanor in ya kama cokali mantawa yake da tsoro. Ya kwashe tsakuwa har ya tarar da ƙasa mai tauri, ya kafa rodi huɗu, ya kwaɓa siminti, ya jera bulo hawa uku, ya cika cikin da kankare, ya dasa gicciyen a tsakiya yana auna shi da ido ɗaya. Doña Eufrasia tana jan carbi, Herminia tana amsawa. Tireloli suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya a hankali, birki na huci, iskarsu tana kashe kyandir, Herminia tana sake kunnawa.

"Kada kowa ya taɓa shi sai yamma," in ji Nicanor yana goge hannu a wando. "Bari ya kama. Gobe war haka ko tirela ta doke shi, ita za ta ji jiki."

Herminia ta jera furanni a gwangwani. A karon farko cikin shekara ta ji ƙirjinta ya ɗan saki.

Ba su kai ƙarshen addu'ar ba suka ji waya ta yi ƙara. Apolinar ne ya kutso, ba hula, wandonsa duk taɓo, yana haki kamar zai faɗi. Ashe a gidan mai ya haɗu da mai shagon siminti, mutumin ya tambaye shi yaya ginin da matarsa take yi. A nan ya juya mota, ya bar ƙanwarsa a tasha.

Bai dubi matarsa ba. Ginin ya tsura wa ido, fuskarsa ta yi fari fat.

"Nicanor! Ka haukace ne? Tun yaushe ka zuba shi?"

"Bai kai awa ba, kompadre. Ni dai aka ce..."

"Bai kama ba tukuna. Zo mu cire. Yanzu, yanzu!"

Herminia ta sha gabansa. Ba ta kai kafaɗarsa ba, amma sai da ya ja da baya.

"Taɓa shi ka gani."

"Herminia, matsa. Don Allah matsa daga nan, wurin nan ba wurin tsayawa ba ne."

"Ɗanka shekara guda yake tsaye a nan, ba ka ce masa ba wurin tsayawa ba ne. Karen kamfani kawai! Me suka ba ka? Riga mai ruwan lemo da manjagara. Suka cinye gonar ubana, suka cinye ɗana, kai kuma kana bin su kana share musu faranti."

"Ki zage ni a gida. Ki zage ni har gobe. Amma wannan abin ba zai kwana a nan ba."

"Zai kwana, zai shekara, zai ga bayanka."

"In wata ta gangaro fa? In wani yaron ya biyo layi ya tarar da bulo a gabansa?"

"Ya kauce! Ga fili nan kamar filin ƙwallo. Ɗan wannan abin da bai kai gwiwa ba shi zai hana tirela wucewa? Ni za ka mayar sakarya?"

Ta zauna daɓas a kan tsakuwa, ta jingina da ɗanyen ginin, ta harɗe hannu. Doña Eufrasia ta ce, "Haba Apolinar, ka ji tsoron Allah mana, gicciye ne fa," sai ya juya ya daka mata tsawar da ta sa carbin ya faɗi daga hannunta. Shekara talatin da huɗu da aure Herminia ba ta taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

"Na san gicciye ne! Wancan ma gicciye ne!"

Wata tanka ta wuce tana huci.

"Wane wancan?" in ji Herminia.

Da Apolinar ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Shekara uku da suka wuce wata mata ta zo daga garin Tlaxcala. Ɗanta ya mutu a nan, karen mota ne, ya yi tsalle ya fita kafin su shiga gado. Ta zo da gicciyenta da magininta. Na ce doka ta hana. Ta durƙusa ta kama ƙafata, Herminia, tsohuwa ce, ta girme ki. Na ce to su yi ƙarami, su raɓa shi gefe. Suka yi, bai kai gwiwa ba. In masu duba hanya za su zo sai in tara tsakuwa in rufe gindin, in zare ƙarfen, in sun tafi in mayar. Shekara biyu ina zagaye shi da manjagara. Har ruwan furen nake canja masa."

"Shuɗi," in ji Nicanor a hankali. "Na taɓa hango shi daga kan gada. Shuɗi ne."

"Gildardo bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya bi layi tun daga bakin rami, yana ta oda, ina jin sa daga can sama. Ya shigo daidai. Lodi ya ɗan ja shi hagu, taku ɗaya kawai. Da tsakuwa ce a wurin da ta riƙe shi, na rantse da ta riƙe shi. Tayar gaba ta hau kan simintin, kan motar ya murɗe. Shi ke nan."

Herminia ba ta motsa ba. Sanyin ɗanyen simintin yana ratsa mata riga yana shiga bayanta.

"Da na zo ban ga wani gini ba," ta ce.

"Na kwashe. Kafin 'yan sanda su iso na zuba a baro na watsa a kwazazzabo."

"Kai ka fara zuwa wurin."

"Ni ne."

"Da wa ka fara? Da ɗanka, ko da bulon?"

"Ya riga ya cika, Herminia. Ina leƙawa na ga ya..."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Apolinar ya sunkuyar da kai. Nicanor ya cire hularsa ya juya baya. Doña Eufrasia tana tsintar carbinta a cikin tsakuwa tana kuka ba sauti.

Wani irin fushi ya taso wa Herminia wanda ba ta san tana da shi ba, har kunnuwanta suka toshe. Shekara guda ta kwana kusa da mutumin nan, ta dafa masa, ta wanke masa rigar aiki, tana zaginsa a kan taurin zuciya, ashe taushin zuciyarsa ne ya kashe mata ɗa. Ya tausaya wa uwar wani. Ya bar matarsa tana tsine wa kamfani da birki da duwatsu, yana ji yana sunkuyar da kai. Ta so ta tsani matar Tlaxcala ma, ta nemo fuskarta a zuciya don ta tofa mata yawu, sai ta rasa ta inda za ta fara, don ita ma ga ta zaune da nata ginin a bayanta.

Yanzu babu mai hana ta. Apolinar ya saki hannuwa, ya zama kamar tsumma. In ta ce gicciyen ya tsaya, zai tsaya, shi da kansa zai riƙa rufe masa gindi in masu duba hanya za su zo.

Wata jar tirela ta fito daga cikin gajimare tana gangarowa, hayaƙi na tashi kaɗan-kaɗan daga tayoyin baya. Direban ya hango farin gicciye da kyandir, ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya yi alamar gicciye a goshi da ƙirji, ya danna oda sau biyu don girmamawa. Saurayi ne, da tawul a wuya. Herminia ta bi motar da kallo har ta sha kwana, tana sauraron birkin, ba ta saki numfashi ba sai da ƙarar ta ɓace.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta kama gicciyen da hannu biyu ta jijjiga shi gaba da baya. Simintin ya riga ya fara riƙewa, sai da ta taka bulo da ƙafa ta ja da dukkan ƙarfinta sannan ya fito, gindinsa na ɗigar da kankare a kan siket ɗinta. Ta sa ƙafa ta ture jeren sama, bulo biyu suka faɗi.

"Nicanor, kwashe. Har rodin. Kada ka bar ko ɓarɓashi."

"To, komadre."

Apolinar ya matso ya miƙo hannu zai karɓar mata ƙarfen.

"Kada ka taɓa shi. Kada ka kuskura."

Ya janye hannun.

"Ga aikinka nan, an ɓata maka tsakuwa. Share musu. In ka gama kuma ka nemi inda za ka ci abinci, gidana addu'ar ɗana za a yi."

Ta saɓa gicciyen a kafaɗa. Sai ta tsaya a kan ramin da ya bari, ta dubi iska daidai tsayin da fuskar ɗanta take kaiwa, ta yi magana da muryar da take tashinsa da ita in ya makara.

"Gildardo. Ba zan iya bar maka komai a nan ba, ka ji dalili da kunnenka. Tashi mu tafi gida. Tashi mana, me kake jira a wurin nan?"

Ba ta san ko ana yin haka ba. Ba ta taɓa jin wanda aka ɗauko ba tare da an kafa masa gicciye ba, Doña Eufrasia kuma da ta san komai ba ta hana ta ba. Herminia ta sunkuya ta fita ta ƙarƙashin wayar, ta ɗaga ta sama da hannu ɗaya ta ɗan jira, sannan ta saki. Ta kama gangaren a hankali saboda santsi, ƙarfen na gurje mata kafaɗa, tana kiran sunansa a kowace kwana, ba ta yarda ta waiwaya ba.